Gahawa a Italiya: butar moka ta fi kofin inji

'Yan uwa, a Italiya ba a fara aiki sai an sha gahawa, yadda ake tsayawa wurin mai shayi a Kano ko Maraɗi. A shagon da suke kira bar, ɗan kofin espresso da bai wuce kurɓi biyu ba yana cin yuro ɗaya da 'yan kai idan a tsaye ka sha a bakin kanta. Ka zauna a tebur, kuɗin ya ƙaru. Mai shan uku a rana zai tarar yuro 100 sun tafi a wata. Injinan sayar da gahawa na masana'antu da na tashar jirgin ƙasa sun fi araha, sai dai abin da suke tsiyayowa a kofin roba ko na takarda sau da yawa salam yake.

Shi ya sa kusan kowane gida ke da moka, 'yar butar alminiyon mai kusurwa takwas da Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933. Kashi uku ce: tukunyar ruwa a ƙasa, mazurarin da ake cika wa garin gahawa, sai saman da gahawar ke taruwa, wanda a ƙarƙashinsa akwai matata da zoben roba. Wadda aka rubuta wa kofi 3 tana cin ruwa kamar mililita 150 da gari giram 15 zuwa 17. Kada lambar ta ruɗe ku, kofunan nan uku ba za su cika kofin mai shayi ɗaya ba. Ƙullin giram 250 yakan yi dahuwa 15, wato ƙananan kofuna 45, a kuɗin da ba zai sayi espresso biyar a bar ba.

Garin nan ba Nescafé ba ne, ba ya narkewa. Wanda ya zuba shi a ruwan zafi ya dama, tsaki zai sha. A nemi wanda aka niƙa domin moka. Garin kamfanin Lavazza mai suna Qualità Rossa haɗin irin gahawa biyu ne, arabika da robusta, yana da kauri da ɗan ɗaci. Qualità Oro arabika ce zalla, ta fi laushi a baki.

A zuba ruwa ya tsaya ƙasa da 'yar ƙusar da ke jikin tukunyar, domin ta nan tururi ke fita idan ya yi yawa. A cika mazurari a share samansa da yatsa, ba a dannawa. A goge bakin, a ɗaure tamau. Sauran aikin duk na wuta ne: ƙarama, wadda harshenta bai wuce gindin butar ba. Cikin 'yan mintoci gahawa za ta fara hawowa a hankali, baƙa mai kauri. Da kalarta ta fara haske, butar ta soma ƙarar kumfa, a sauke, a juya da cokali kafin a raba, don ta farko ta fi ta ƙarshe ƙarfi.

In ta yi ɗaci da warin ƙauri, wuta ta yi yawa ko an bar ta tana ta tafasa. In ta yi tsami kuma ba kauri, niƙan bai yi laushi ba ko an yi rowar gari. Tururi na fita ta gefe? Ko gari ya maƙale a baki, ko robar ta bushe ta tsattsage, sabuwa kuwa ba tsada. Injin wanke kwanuka yana baƙanta alminiyon, a ɗauraye da ruwan ɗumi kawai a shanya. Murhun lantarki mai maganaɗisu ba ya ɗaukar ta alminiyon, sai ta ƙarfe.

Wanda zai kai moka gida tsaraba ya haɗa da robobi biyu ko uku daidai girmanta. Tana aiki a kan gas da risho, amma a kan gawayi a kula da mariƙin, yana narkewa.