Tsakanin Wi-Fi da Zigbee: Abin da Na Gani a Gidana a Birnin Kebbi

Duk wanda zai sa na'urorin da ake sarrafawa da waya a gidansa a garin nan, tambaya ɗaya ta kamata ya yi wa mai kanti kafin ya tambayi farashi: idan data ta ƙare, ko aka ɗauke wuta, abin nan zai ci gaba da aiki? Na yi amfani da soket da makunnai masu Wi-Fi, daga baya na koma Zigbee, wata hanyar da ƙananan na'urorin gida ke magana da juna ba tare da igiya ba, kuma a kan wannan tambayar na auna su.

Gidana a Gesse yake. Buƙatuna ba su da yawa: fitilun waje su kama da magariba su mutu bayan asuba, sumo, wato injin jawo ruwa, ya tsaya idan tanki ya cika, in kuma sani idan an buɗe ƙofar get cikin dare. Akwai sola da inbata, amma ba kowane layi ke kai ba.

Da masu Wi-Fi na fara, domin su suka fi araha kuma ba sa buƙatar komai sai rawuta da manhaja. Haɗa su ba wuya, sai dai yawancinsu 2.4 GHz kawai suke ji, idan wayarka na kan 5 GHz lokacin haɗawa sai ku yi ta kokawa. A makonnin farko na ji daɗinsu ƙwarai. Ina kasuwa nake kashe fankar da yara suka bari tana juyawa.

Matsalar ta fito ne daga yadda muke samun intanet a nan. Gidaje da yawa ƙaramar MiFi ce ke riƙe da su, kuma irin waɗannan galibi na'ura goma ko kusa da haka suke ɗauka. Ka lissafa wayoyin gida, da talabijin, da kwamfutar ɗalibi, ka ga gurbi nawa ya rage wa soket. Ga shi kuma MiFi abar sa wa a aljihu ce, ranar da wani ya fita da ita, gida ya kurmance. Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da umarni ke bi. Irin waɗanda na saya, idan na danna a waya, saƙon sai ya tafi kwamfutocin kamfani a wata ƙasa sannan ya dawo ya kunna ƙwan da ke saman kaina. Daren da sabis ya yi rauni, ina tsaye a tsakar gida da waya a hannu, alamar jira tana ta kewayawa, fitilar get ko gezau. Akwai masu Wi-Fi da ke iya aiki cikin gida ba tare da intanet ba, amma sai ka tona sosai kafin ka gane su, domin ba a cika rubuta hakan a jikin kwali ba.

Na'urar ƙofa mai Wi-Fi kuwa batir take ci ba ƙaƙƙautawa. Wi-Fi an yi shi ne domin ɗaukar kaya mai nauyi, bidiyo da hotuna, ba domin ƙaramin abu da zai ce "an buɗe" sau biyar a rana ba.

Zigbee ya zo da ƙarin kashe kuɗi tun farko, domin dole ka sayi ƙaramin akwatin da duk na'urorin ke magana da shi, wato cibiyarsu. Shi ma a 2.4 GHz yake aiki, amma saurinsa kilobit 250 ne kacal a daƙiƙa. Ba zai ɗauki kyamara ba har abada, don haka kyamarorina suna nan kan Wi-Fi. Amma wannan ƙarancin shi ne ƙarfinsa. Na'urar da ke jikin get ɗina ɗan batir mai kamar kwabo take amfani da shi, irin CR2032, ta wuce damina da hunturu da zafin Afrilu ban taɓa ta ba. Rawuta kuma abu ɗaya take gani, wato akwatin, ko da na'urori ashirin ne a bayansa.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda yake ratsa gida. Gininmu na bulo ne da siminti, wani wurin da dakin, wato rufin kankare, ga ɗakuna a rarrabe, ga nisa tsakanin falo da get. Wi-Fi ba ya kai wa can da ƙarfi. A Zigbee kuwa, kusan duk na'urar da ke jone da wuta tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta gaba, kamar leburori ranar zuba dakin, kwanon kankare na tafiya hannu da hannu har sama. Na sa soket ɗaya a baranda, ɗaya a ɗakin maigadi, sai ga get ta shigo layi.

To amma a nan ne wanda ke zaune inda wuta ba ta tsayawa ya kamata ya buɗe ido. Masu batir ba sa miƙa saƙon kowa, barci suke yi don tanadin caji. Masu miƙawa su ne na kan wuta, kuma idan aka ɗauke wutar sun mutu, hanya ta yanke. Sai da muka zauna da mai gyaran wutata muka mayar da akwatin da soket ɗin da ke tsakiyar hanya kan layin inbata, sannan abin ya daidaita. Haka ma ƙwan fitila mai Zigbee: idan wani ya kashe shi daga makunnin bango, ba fitila kaɗai ya kashe ba, ya cire mutum ɗaya daga layin miƙo. Shi ya sa na fi son makunnin bango mai Zigbee a kan ƙwan. Nan ma akwai sharaɗi, domin akwatunan makunni a gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar nutural ba, kuma makunnan da ake yi wa irin wannan bangon galibi ba sa miƙa saƙo.

Kan sumo, mai gyaran ne ya taka mini birki. Ya juya soket ɗin ya karanta bayansa ya ce, "Alhaji, wanga abu ba ya ɗaukar sumo. Wutar da yake ja sa'ad da zai tashi ta fi wadda aka rubuta nan." Kontakta ya sa, wato makunni mai jure wuta mai ƙarfi, ƙaramin makunnin Zigbee yana ba ta umarni, ita kuma tana ɗaukar nauyin. Ko Wi-Fi ka zaɓa ko Zigbee, kada ka jona injin ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki kai tsaye ba tare da masani ya duba ba.

Abin da ban so ba a Zigbee guda biyu ne. Idan wuta ta dawo bayan dogon lokaci, wasu na'urori kan ɗauki ɗan lokaci kafin su sake gano hanya. Sannan duk da an fito da Zigbee 3.0 don haɗa kan kamfanoni, ba kowace na'ura ce ke shiri da kowane akwati ba. Wata za ta haɗu amma rabin aikinta ya ɓace. Kuma ba kowane akwati ne ke ajiye jadawali a cikinsa ba, wasu su ma intanet suke jira, don haka a tabbatar kafin a biya. A nisanta akwatin da rawuta kaɗan, tunda zango ɗaya suke amfani da shi.

Z-Wave, wani tsari mai kama da Zigbee, ban saya ba. Yana aiki ƙasa da 1 GHz, abin da ke taimaka masa ratsa bango, amma mitarsa ta bambanta da yanki: wajen 868 MHz a Turai, 908 MHz a Amurka. Ka haɗa akwatin Turai da na'urar Amurka, ba za su ji juna ba. Ga kayan Amurka na bolt 120 ne, namu 230. Bluetooth ya yi daidai ga makullin da za ka buɗe kana tsaye gabansa, bai wuce nan ba a wurina.

Matter kuwa, wanda ya fito a 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, ba sabon zangon rediyo ba ne. Yare ɗaya ne da na'urorin kamfanoni daban-daban ke ji, yana hawa kan Wi-Fi ko Thread, wata hanya mai kama da Zigbee, kuma an tsara shi ya yi aiki cikin gida ba sai da intanet ba, abin da mu muka fi kowa buƙata. Sai dai kayansa ba su wadata a kasuwarmu ba, wanda ka samu kuma da tsada. Idan zan ƙara saye, akwatin da ke jin Zigbee da Matter duka zan nema.

Mai buƙatar soket ɗaya ko biyu, kuma yana da rawutar da ba ta barin gida, Wi-Fi ya ishe shi. Mai son fitilun waje da ƙofofi da tanki su yi aiki ko data ta ƙare, ya ɗauki Zigbee, ya kira mai gyaran wuta su fara fitar da layukan da ke kan inbata kafin ya sayi na'ura ko ɗaya.