Kwas ɗin MIMMS ga likita mai neman sanin makamar aiki

Kwas ɗin MIMMS, na kula da majinyata a babban haɗari, wanda ƙungiyar horar da ma'aikatan lafiya ta ALSG ta Ingila ke shiryawa, ba ya koyar da ɗinki ko ƙarin ruwa. Darasinsa shi ne abin yi ranar da majinyata suka fi ƙarfin ma'aikata, kuma a nan sabon likita ke rikicewa, domin ya saba zuba dukkan ƙarfinsa a kan mutum ɗaya.

Ana fara karatu ta intanet, sannan a haɗu a yi atisaye da taswira a kan teburi da rediyon oba-oba. Sashen da ya fi amfani shi ne tantancewar farko, wato raba majinyata da katin launi: ja a fara da shi, rawaya ya biyo baya, kore ya zo ƙarshe. Mai tafiya da ƙafarsa kore ne, ya jira. Jini na tsartuwa, a ɗaure, ja ne. Wanda bai numfasa ba bayan an buɗe masa hanyar iska, a wuce shi, komai nauyin hakan a zuciya. A tsohon ma'aunin da aka daɗe ana koyarwa, numfashi ƙasa da 10 a minti, ko 30 zuwa sama, ja. Bugun jini ya haura 120, ko a danna farce ya wuce daƙiƙa 2 bai koma launinsa ba, ja. Saura rawaya. Kuskuren da malamai ke yawan kamawa shi ne mai tantancewa ya durƙusa yana yi wa mutum na farko magani, sauran na kwance ba wanda ya dube su.

Ma'aunin yana da rami. Gwajin farce ba ya aiki a duhu ko cikin sanyi. Ƙananan yara numfashinsu dama da sauri yake, sai a cika su da jan kati. Mafi haɗari ƙuna: wanda ya shaƙi hayaƙi zai zo da ƙafarsa a ba shi kore, can maƙogwaro ya kumbura ya toshe. Dole a riƙa sake duba 'yan kore.

Kwas ɗin kuma ya ɗauka akwai motocin asibiti da 'yan kwana-kwana masu killace wuri. A irin fashewar tankar Majiya a Jigawa, Oktoban 2024, jama'a ne ke fara kwasar mutane a abin hawan da ya samu, masu sauƙin rauni su riga isa. Don haka likitan da aikinsa ke cikin asibiti ya fi buƙatar ɗan'uwan kwas ɗin, HMIMMS, wanda ke koyar da tantancewa a bakin ƙofa da sallamar masu sauƙi don a samu gadaje.