Bitar Harmattan a Agbarha-Otor, wallahi kuɗin motata bai tafi a banza ba

Masu harkar zane da suka yi ta tambayata ya tafiyata Delta ta kasance, to ga amsa. Sati biyu na yi a bitar Harmattan, taron koyon zane da sana'o'in hannu na fitaccen mai zanen nan Baba Bruce Onobrakpeya, a garinsu Agbarha-Otor kusa da Ughelli, tun 1998 ake yinta lokacin hunturu, kuma gaskiya ban taɓa zama wajen da ya buɗe min kai haka ba.

Abin da ya fara kama ni, ba a san wani wai shi farfesa ba. Malamin jami'a, ɗalibi, matar ƙauye mai neman sana'ar hannu, duk tebur ɗaya, wannan na sassaƙa dutse wancan na murza yumɓu wata na rini, in ka gaji da sashenka ka leƙa na wani ba mai hararar ka. Ni ɓangaren buga hoto da faranti na shiga, kwana uku hannuna baƙi ƙirin da tawada.

Shi Baban fa ɗan makarantar Zariya ne, ya shiga kwalejin da ta koma ABU a 1957, yana cikin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suka ce sai an cuɗa fasahar Turawa da tamu ta gado. A 1967 asid ya cinye masa farantin aiki, maimakon ya jefar sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite ya buga a haka, daga nan salonsa na buga hoto da ake kira plastograf ya samo asali. Wannan halin ne ya bi wajen gaba ɗaya. Ranar da bugu na ya dagule har raina ya ɓaci, malaminmu ya ɗaga takardar ya daɗe yana kallo sannan ya ce in ƙara wani launi a kai mu ga me zai fito, yanzu ita ce rataye a ɗakina.

Hanya dai akwai nisa daga Arewa, kuma a tafi da maganin sauro da kayan da ba a jin tsoron ɓata su. Ƴan uwa masu zane na Kano da Zariya, musamman ku mata, dan Allah baɗi mu haɗa mota ɗaya, ni zanen dagi da adon bangon gidajenmu nake so in kai in gwada a faranti.