Bobber da chopper: duba firam ka gane bambancin

Ɗan uwa da ya tambaya wai meye bambancin bobber da chopper, wato salo biyu na sauya fasalin mashin, shi duk iri ɗaya yake ganinsu a hoto, toh ka fara duban firam, wato ƙashin mashin ɗin da ake ɗora inji da tayoyi a kai, nan maganar take.

Bobber shi ne babba a shekaru. Tun wajen 1930 da wani abu matasa a Amurka suke kwance kayan mashinan kamfanonin Harley da Indian don mashin ya yi sauƙin nauyi irin na 'yan tsere, a cire madigadin gaba gaba ɗaya, na baya a datse shi, kujera ta mutum ɗaya tak, duk wani ƙarfe na ado a jefar. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya ƙara yaɗuwa saboda sojojin da suka dawo gida sun samu Harley WLA na soja, mai injin 740cc, ana sayar da rarar da araha, su kuma ba kuɗi ne da su ba sai sifana da zarto. Amma firam ba a taɓa shi, tsawon mashin da kusurwar wuyansa yadda kamfani ya yi haka ake bari.

Chopper kuwa sai shekarun 1960 ya yi tashe, musamman a Kalifoniya, kuma shi firam ɗin ma ake yankawa a sake walda, a miƙar da ƙafar gaba ta yi tsawo, siririyar taya a gaba, hannu can sama kamar mai shanya, ga ƙarfen jingina a baya, ga fenti kala-kala. In ka taɓa ganin mashin ɗin fim ɗin Easy Rider na 1969 toh shi ne. Wasu baƙaƙen fata ne ma a Los Angeles, Ben Hardy da Cliff Vaughs, suka haɗa shi, an daɗe ba a ambaton sunansu.

Wajen tuƙi ne za ka ji bambancin a jikinka. Bobber gajere ne, yana shan kwana lafiya lau. Chopper a miƙaƙƙiyar hanya ba laifi, amma ka ce za ka juya da shi a lungu sai ka yi gumi. Inda suka haɗu shi ne na gargajiyarsu duk ba shoka a baya, ita kanta Harley sai 1958 ta sa wa manyan mashinanta, sifirin ɗin ƙarƙashin kujera ne kawai gatanka, in titin unguwarku ramuka ne bayanka zai gaya maka. Ga damina ba madigadin gaba, taɓo har fuska.

Ni dai bobber nake so wlh, don ba inda maƙeri zai ɓoye, ba murfi ba roba, in waldarsa ta karkace kowa zai gani. Je ka nemi aikin Shinya Kimura, Bajapanen da ya kafa Zero Engineering a 1992, mashin a ƙasa-ƙasa, ƙarfe tsirara, wani lokacin ko fenti babu. Shi ya sa Triumph Bonneville Bobber na 2017 bai cika burge ni ba duk da kyansa, daga kamfani ya fito a haka, har da shoka a ɓoye ƙarƙashin kujera.