Legas zuwa Kwatano: motar kamfani, motar tasha ko jirgin ruwa?

Alhaji, ka ce za ka sauka Legas daga Kano, kana son ƙarasawa Kwatano karon farko, kana tambayar wace hanya ta fi. Tazarar ba ta da yawa, kilomita 120 ne ko kusa da haka. Abin da ke cin lokaci shi ne cunkoson titin Badagiri da kuma bodar Seme, iyakar Najeriya da Benin. Don haka kafin ka zaɓi mota, duba abu biyu: takardunka da yawan kayanka.

Motar kamfani, irin su ABC da ke zuwa har Akara, ita ce ta mai son kwanciyar hankali. Da asuba suke tashi, kujerarka taka ce kai kaɗai, kayanka na cikin but. A boda ma'aikacin motar ne ke tattara fasfo ya kai a buga hatimi, kai dai ka jira. Aibinta biyu ne. Ta fi tsada, kuma idan takardar mutum ɗaya ta samu matsala ko kwastam suka ce a sauke kaya, dukkanku za ku zauna. Ba sa ɗaukar wanda ba shi da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, kuma za a nemi katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa.

Motar tasha kuwa daga Mile 2 ake hawa, kuma ita ce hanyar 'yan kasuwa. Idan kana cikin tsibirin Legas, jirgin ƙasa na Blue Line da aka buɗe a 2023 zai kawo ka daga Marina zuwa Mile 2 ba tare da ka shiga gosulo ba. A nan akwai ƙananan motoci masu zuwa Seme, wasu ma har cikin Kwatano. Da ta cika take tashi, ba jiran agogo. Za ku bi ta Okokomaiko da Agbara ku wuce Badagiri, kuma daga Agbara ne shingayen jami'ai ke fara yawa, sai ka ga direba bai gama sa giya ba ya sake taka birki. Idan motarka ta tsaya a Seme, da ƙafa za ka shiga ofishin haɗin gwiwa na Seme-Krake, wanda Buhari da Patrice Talon, shugabannin Najeriya da Benin na lokacin, suka buɗe a 2018, a buga maka fita a gefen Najeriya, a buga shiga a gefen Benin. Ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza, kwana 90 ne hakkinsa.

A nan ne baƙo ke shan wahala. Kana sauka za a yanyame ka: wannan ya kama jakarka, wancan ya ce zai tsallakar da kai a babur ta bayan gari, ga 'yan canji riƙe da damin sefa suna kaɗa maka. Kada ka miƙa fasfonka ga wanda ba ya cikin kaki kuma ba ya bayan kanta. Kada kuma ka yarda da hanyar bayan gari, domin wanda ya shiga babu hatimi, a dawowa ake kama shi. Canza kuɗi kaɗan, na mota da abinci, ka ƙirga a gabansa, sauran ka bari sai ka isa unguwar Zongo a Kwatano, inda za ka samu 'yan uwa masu jin Hausa. Daga Krake zuwa cikin gari bai wuce tafiyar awa guda ba. Can kuma 'yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa, waɗanda suke kira zemijan, su ne sarakunan titi. Ku gama ciniki kafin ka hau.

Hanyar ruwa tana nan, ta cikin tafkin da ya bi gefen teku daga Legas ya ratsa Badagiri har Porto-Novo, babban birnin Benin. Tana kauce wa cunkoso, amma ba Kwatano take kai ka ba, sai ka sake hawa mota wajen kilomita 30, ga kuma batun hatimi da sai ka nemi inda za a buga maka. Wanda ya saba ne ke binta, da rana, da rigar kariya a jikinsa. Jirgin sama kuwa, zuwa filin jirgi na Ikeja da zaman jira kaɗai sun cinye ribarsa, sai dai ga wanda zai wuce wata ƙasa.

Ni dai shawarata, tun da karon farko ne, hau motar kamfani a zuwa, ka buɗe ido ka ga yadda bodar ke aiki. A dawowa, idan jaka ɗaya ce a hannunka, hau ƙaramar mota daga tashar Jonquet, ka fito da sassafe don ka wuce Agbara kafin la'asar. In kuwa sayayya ce ta kai ka, ka tuna tun 2017 aka hana shigo da mota Najeriya ta bodar ƙasa, shinkafar waje ma haramtacciya ce ta nan. Ko buhu ɗaya kada ka bari direba ya ce naka ne.