Gyaran ƙaramin kicin kafin sayar da gida: sharhi kan aikin wani shagon kafintoci a Kano

Shagon da nake magana a kai yana karɓar aikin kicin ne gaba ɗayansa, wato shi ne yake kawo mai tayil da mai famfo da mai wayarin, sannan yaransa su haɗa kabad. Aikin da muka ba shi na gidan gado ne mai ɗaki uku wanda magada suka yanke shawarar sayarwa, kuma kicin ɗin bai wuce mita 2.5 a mita 3 ba. Mun shaida wa maigidan shagon tun farko cewa ba mu ne za mu yi girki a ciki ba, abin da muke so shi ne idan dillali ya kawo masu duba gida, kada kicin ya zama hujjar rage kuɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya riƙe wannan magana har ƙarshen aiki. Wasu daga cikin 'yan'uwa mata sun so a yi kabad ja mai sheƙi irin wanda ake yayi a gidajen amare, sai ya ce musu cikin ladabi: "Hajiya, ja zai yi wa mutum ɗaya daɗi ya kori uku, amma ruwan madara ba ya faɗa da kwanukan kowa." An yi ƙofofin da launin madara, an sa farin tayil mara zane a bango, ƙasa kuma tayil mai kaushi ruwan toka mai girman santimita 60 a 60. Manyan tayil suna rage yawan layukan da datti ke maƙalewa, suna kuma sa ƙaramin wuri ya yi kamar ya fi haka faɗi, kaushin kuma yana hana santsi idan ruwa ya zuba.

A wajen zaɓen katako ne na ga ƙwarewarsa sosai. Yawancin kabad da ake yi yanzu da allon MDF ake yin su, wanda garin katako ne da aka matse da gam, kuma da zarar ruwa ya shige shi sai ya kumbura ya fara ruɓewa daga gefe. Saboda haka ya ware kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya yi shi da falankin da ke jure ruwa, ya ɗora dukkan kabad na ƙasa a kan dakalin siminti mai tsayin kusan santimita 10 domin ruwan gogar ƙasa kada ya taɓa su, ya kuma zuba maganin gara kafin a kafa komai. Ya bar MDF ga kabad na sama kawai, inda ruwa ba ya kaiwa. Duk macen da ta san girki, idan ta shiga duba gida, ƙofar ƙarƙashin famfo take fara buɗewa ta shaƙi warin wurin, kuma daga nan take yanke hukunci kan sauran.

Saman teburin girki mun so mabul, ya ba da shawarar baƙin dutsen giranet. Dalilinsa gaskiya ne: mabul yana shan manja, ruwan lemon tsami da na tumatir kuma suna cin fuskarsa su bar tabo, alhali giranet ya fi jure wannan da zafin tukunya. Ya kafa shi a tsayin santimita 90 da faɗin 60. Bai yarda a yi kantoci a buɗe ba, domin ƙurar hunturu za ta lulluɓe su cikin kwana ɗaya, sai ya kai kabad na sama har rufi don a sami wurin ajiye manyan tukwanen biki. Ya fitar da tukunyar gas waje cikin ɗan keji mai kwaɗo, ya shigo da bututu ta bango, ya ƙara soket huɗu a saman tebur da guda ɗaya na firji daban, ya kuma sa fankar zuƙe hayaƙi a saman taga. Wurin daka da ke bayan kicin kuwa cewa ya yi a bar shi da daɓen siminti, tunda turmi fasa tayil yake yi.

Ta fuskar kuɗi, ya rubuta kuɗin kaya daban da kuɗin aiki daban, ya kuma yarda ɗaya daga cikinmu ya bi shi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya. Wannan ya kwantar da hankalin magada, musamman ganin yadda farashin kayan da ake shigowa da su yake hawa tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Inda ya gaza shi ne alƙawari. Bayan ya karɓi kafin alƙalami, ya ce mako uku ya isa, amma aikin ya haura wata guda da rabi, domin yakan kwashe yaransa zuwa wani aikin ya bar mu da ƙura da buhunan siminti a tsakar gida. Haka kuma ƙarafan da ke riƙe ƙofofin kabad ba su ne masu rufewa a hankali da muka yi ciniki a kansu ba, sai da muka riƙe ragowar kuɗinsa kafin ya canza su. Mai tayil ɗinsa ma ya cike tsakanin tayil na ƙasa da farin siminti, wanda zai yi baƙi cikin 'yan watanni, maimakon ruwan toka da ya dace da su.

Duk da haka zan iya tura mai niyyar sayar da gida wurinsa, da sharaɗin a rubuta ranar gama aiki da sunan kowane kaya a takarda, a kuma riƙe kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin aiki har sai an buɗe famfo an bar shi yana zuba, an duba ƙarƙashinsa, an kuma gwada kowace ƙofa da kowace durowa.