Amsar bogi ta furoksi ko ta cikin lamba: wanne ya fi wajen gwajin manhaja?

Masu koyon gwajin manhaja sun sha yi mini wannan tambaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Amsar bogi ita ce amsar da ka tsara da kanka don ta maye gurbin ta sabar, wato kwamfutar da manhaja ke neman bayanai a wurinta; lamba kuwa ita ce umarnin da aka rubuta manhajar da shi (code).

Furoksi, irin su mitmproxy da Charles, yakan tsaya tsakanin manhaja da sabar. Ya tare buƙatar da ta fita, ya mayar da amsar da ka tsara: kuskuren 500 (alamar cewa sabar ta samu matsala), jinkiri, ko bayanan da suka zo a gurguje. Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar da kake gwadawa kusan ita ce dai wadda za ta je hannun jama'a, ba ka taɓa lambarta ba.

Sai dai akwai wahala. Kafin ya karanta HTTPS, wato saƙonnin da aka kulle tsakanin manhaja da sabar, sai ka sa satifiket ɗinsa (shaidar da ke sa a amince da shi) a wayar, kuma tun daga Android 7 manhajoji ba sa amincewa da satifiket ɗin da mutum ya sa da kansa sai an saita su. Nan ne mutane da yawa ke karaya.

Amsar bogi ta cikin lamba kuwa, wadda kake rubutawa a cikin lambar kanta, sauri gare ta, ba ruwanta da intanet. Haɗarinta ɗaya ne: ba ta bi ta hanyar sadarwa ta gaske.

Mai gwada ƙananan sassa sau ɗari a rana, ta cikin lamba ta ishe shi. Mai son ganin yadda manhajar gaba ɗaya za ta yi ranar da sabar ta faɗi, ya ɗauki furoksi.